Abin da Ya Kai Mu Bangui

Tun kuna ƙanana kuke tsokanata da maganar Bangui. Duk ranar da aka haɗu a gidan nan na Batsari, salla ce ko suna, sai wani cikinku ya tayar da ita, wai babanku ne kaɗai aka taɓa bai wa Jidda ya ce shi daji yake so. Mahaifiyarku Binta kuwa ba ta taɓa kare ni ba, dariya take yi har ta ƙara wa zancen gishiri. Na daɗe ina barinku da dariyarku, domin akwai mutane a cikin labarin da ban so a riƙa juya zancensu a kan tabarmar hira suna raye. Yanzu sun riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara ba ni sanarwa, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi.

Ni dai ba jakada ba ne, ban ma taɓa kusantar zama jakada ba, ko da yake a garinmu Karare har na yi ritaya Jakada ake ce da ni, na gaji da gyarawa na bari. Akawu ne ni a sashen da ke kula da 'yan ƙasarmu mazauna waje. Wanda fasfonsa ya ɓace, wanda aka kama, wanda guzuri ya yanke masa a hanya, wanda ya mutu ba dangi a kusa, duk a teburina maganarsu take tsayawa. Ƙasarmu tana da gida a babban birnin ƙasashen da take hulɗa da su, shi ne ofishin jakadanci. Inda kuma mutanenmu suka yi yawa a wani garin da ba babban birni ba, sai a buɗe ƙaramin ofishi, kamar na Jidda ko na Douala. Mu ma'aikata juya mu ake yi, ka yi 'yan shekaru nan, a ɗauke ka a kai ka can. Mutanen Karare sun ɗauka duk gida ɗaya ne mai ƙofofi da yawa. Ina aiki a Yamai, amma in na zo hutu sai tsoho ya tare ni a bakin masallaci ya ce in na koma in gaida masa ɗansa da ke Kumasi. Da ina yi musu dariya. Daga baya na ga ba su yi nisa da gaskiya ba, domin gidajen nan suna magana da juna, kuma wanda ka rasa ta wannan ƙofa kana iya jin ɗuriyarsa ta waccan.

Yayana Mamman shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu. Shi ya yi noma ni na yi boko, da geronsa da gyaɗarsa aka riƙe ni a makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. Wata shekara ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai, aka wayi gari rumbuna wayam. Yaya Mamman ya bi masu koren shanu zuwa kudu, ya ce zai dawo kafin shuka. Ya bar matarsa Hanne, wadda kuka sani da Iya Hanne, da 'yarsu Laure tana goye. Hanne 'yar Fulanin Tsaskiya ce ta ƙasar Safana, can ne kuma asalin Inna. Sau ɗaya wani direba ya kawo gaisuwarsa daga Kamaru, daga nan shiru. Aka yi shuka bai zo ba, aka yi wata, aka sake wata.

Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, ko da yake ku yanzu naku da suna kuke kiransu, har da rungumewa a gaban mutane. Inna ba ta taɓa kama sunan Yaya Mamman ba. Ba ta tambayar labarinsa, in ana zancensa sai ta tashi ta kama wani aiki. Hanne ita ma kunyar miji ta ɗaure mata baki, iyakarta ta ce da ni “Yayanka”. Sai ya zama mutum biyun da abin ya fi ci su ne ba su da bakin magana a gidan. Hanne ta ci gaba da zamanta irin na matar aure, tana kitso tana sa kwalli, tana share ɗakinsu, tana yi wa Inna daka da girki. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, kuma wannan ya fi damuna da a ce ta yi.

Ina Yamai na fara cigiya. Irin su Yaya Mamman ba sa zuwa ofishin jakadanci su ce ga mu, da yawansu ko fasfo ba su da shi. Amma kowane ofishi yana da hannu da sarkin Hausawan garin da limaman zango. Sai in aika wa takwarana na wani ofishin da kamannin mutum, shi kuma ya kai wa sarkin Hausawa, ranar Juma'a bayan an sallame a yi shela, fatake da direbobi su ɗauki zancen su shiga da shi ƙauyuka. Kamannin da na bayar su ne dogo, baƙi, ɗan ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe tun da lauje ya yanke shi yana yaro. Kwatano suka ce ba su ji ba. Douala suka ce a gwada Libreville. Libreville suka samo wani Mamman, amma mutumin Daura ne, yatsunsa kuma garau. Daga ƙarshe ofishinmu na Yaoundé ya aiko cewa sarkin Hausawan wani gari na kan iyaka ya tuna da wani dogo da ake kira Na Batsari, wanda ya tsallaka gabas zuwa Afirka ta Tsakiya, wajen masu haƙar lu'ulu'u. Ofishinmu na Bangui ƙarami ne, ma'aikata kaɗan, ƙasar kuma kurmi ce mai faɗi. Sun yi shela a cikin birni ba wanda ya amsa, masu haƙar kuwa suna can nesa inda sai mutum ya taka da ƙafarsa. A nan zaren ya tsaya.

Ana cikin haka aka yi canjin wuraren aiki, aka ba ni Jidda. Ba sai na faɗa muku abin da Jidda take ba ga ma'aikaci Musulmi. Kowa ya san wanda ke can yana iya kai mahaifiyarsa Makka cikin sauƙi, ta sauka a gidan ɗanta, ba wahalar masauki ba ɓata a cikin taro. Muka zo Karare sallama da ƙarshen damina, gida ya cika da 'yan murna. Matan unguwa har sun fara kiran Inna da Hajiya, tana korarsu da muciya tana murmushi.

Ranar kasuwar Batsari sai ga Baffa Buba, mahaifin Hanne, ya biyo ta Karare da sandarsa a kafaɗa. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda ba ya fara zance sai ya tambayi lafiyar kowa har awakin gida. Da muka gama gaisawa a zaure ya gyara zama.

“Sani, ni ban zo da faɗa ba,” in ji shi. “Gidan ga bai rage ɗiyata da komi ba, ci da sha da sutura. Amma mace ba ta zama haka nan, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. In an ɗauke amfanin gona zan kai maganar gaban alƙali ya raba auren, ta komo gida ta san inda ta dosa tun da sauran ƙuruciyarta.”

Gaskiya ya faɗa. Da ya fita alwala sai Hanne ta kira ni bakin madafi. Tana tsugune tana iza wuta, ba ta ɗago ta dube ni ba.

“Malam Sani, na ji abin da Baffa ya ce, kuma ba ni ja da shi,” in ji ta. “Amma in alƙali ya raba, sakakkiya na zama, alhali Yayanka bai sake ni ba. In yana raye ni matarshi ce, ko shekara nawa za a yi. In ko ya riga mu, a faɗa mani in yi mashi takaba kamar yadda kowace mace ke yi ma mijinta. Abin da nike roƙo ke nan, ba wani abu ba.”

Na san akwai abokin aikina da aka bai wa Bangui yana ta neman wanda zai karɓe shi, na kuma san in na saki Jidda da wuya ta sake zagayowa kaina. Amma Jiddar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Bayan magariba na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, na zauna na shimfiɗa mata maganar duka, ba tare da na kama sunan kowa ba.

“Inna, in na tafi Jidda, baɗi war haka in Allah ya yarda kina Makka,” na ce. “In na tafi waccan ƙasar, ban san abin da zan iske ba. Ƙila ma in iske ba komi.”

Ta ɓare wata gyaɗar ta jefa a ƙwarya.

“Makka dai ba ta ɓace ba,” in ji ta. “Kowa ya san inda take.”

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. A iya sanina wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kan ɗanta na fari, kuma na gane umarni ne.

Mahaifiyarku ce ta fi ba ni aiki. Ta riga ta ɗinka kayan tafiya, ta yi sallama da ƙawayenta.

“Yanzu in ce masu ina za mu?” in ji ta.

“Bangui.”

“Ina ne kuma haka? A duniyar nan yake?”

Ta yi kukanta, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana sai ta bakin Hanne. Daga nan ta tashi ta ɗaure kaya, har da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce tunda daji za a kai ta ba za ta je ta mutu da yunwar miya ba. Ku riƙa tuna mata da wannan in kuna dariyar. Baffa Buba ya yarda ya jira zuwa kaka mai zuwa. A hedikwata kuwa shugaban sashenmu ya daɗe yana kallona, ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau, sannan ya sa hannu. Abokin aikin nawa saura kaɗan ya goya ni don murna.

Bangui ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, ga sauro, ga rogo safe da yamma, ga harsunan da ba ma ji. Manyanku sun sha zazzaɓi a can, wannan kam ba na musu. Jakadanmu mutumin kirki ne. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce dama akwai 'yan ƙasarmu birjik a garuruwan haƙa da ba su taɓa ganin ma'aikacin ofis ba, in riƙa zuwa ina duba su, in yi cigiyata a kan hanya. Haka na riƙa bin manyan motoci zuwa yamma, daga wannan sarkin Hausawa zuwa wancan, kowa ya saukar da ni ya ciyar da ni ya faɗa mini sunan na gaba. Na ga Kanawa da Zazzagawa da Gobirawa waɗanda suka fito da niyyar wata uku, ga shi furfura ta riske su a can. Kowannensu yana da wata Hanne a gida, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Wata da watanni ina wannan yawo, har na fara jin kunyar komawa wurin mahaifiyarku hannu rabbana.

A wani ƙauyen masu haƙa aka kai ni wurin wani tsohon Bagobiri, Malam Idi, wanda shi ne fatoma, mai saukar da baƙi. Na fara ba shi kamanni kamar yadda na saba. Ina cewa dogo, baƙi, kafin in kai ga yatsa sai na ga ya ɗaga hannunsa na hagu ya lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsansa. Ya dafa kafaɗata ya yi salati, ban buƙaci ya ƙara komai ba.

Bayan na natsu ya ba ni labari. Yaya Mamman bai yi haƙa ba, kayan koli yake sayar wa masu haƙar, yana tattali don ya koma gida da abin da zai cika rumbu. Kullum zancensa matarsa da 'yarsa, amma ya ƙi aika saƙo, wai ba zai aika gaisuwa tsura ba bayan ya daɗe haka. Zazzaɓi ya kwantar da shi damina uku da suka wuce, bai tashi ba. Malam Idi ne ya yi masa wanka, jama'ar zango suka sallace shi. Ya kai ni kabarin a gindin wasu dogayen itatuwa, na yi masa addu'a, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Da zan tafi tsohon ya shiga ɗaki ya fito da turmin atamfa a naɗe cikin buhu, ya ce marigayin ya saya wa matarsa, shi kuma ya rasa wanda zai ba, tunda da sunan Na Batsari kawai suka san shi. Na ɗauki shaidarsa da ta limaminsu, aka buga hatimin ofis, domin maganar mutuwa ba a karɓarta da an ce.

Na iso Karare ana yankan gero. Aka aika wa Baffa Buba ya zo, aka kira limamin gari, muka zauna a tsakar gida. Inna da Hanne suna daga ƙofar ɗaki. Na faɗi abin da na gani da abin da na ji, ban rage komai ba, na miƙa wa Hanne atamfar. Aka yi salati aka yi addu'a.

“An yi mashi sutura yadda ya kamata?” in ji Inna.

“An yi, Inna. Musulmi suka wanke shi, suka sallace shi.”

Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ba wanda ya ji muryarta, amma kwanon tuwonta haka aka ɗauke shi washegari.

Baffa Buba ya tambayi liman ko yau Hanne za ta shiga takaba ko sai gobe. Liman ya sake tambayata yaushe aka yi rasuwar, na faɗa masa. Sai ya ce ai babu takaba a kanta. Wata huɗu da kwana goman nan daga ranar da miji ya rasu ake ƙirga su, ba daga ranar da labari ya iso ba, nata sun wuce tuntuni. Ko yau ta so tana iya bin mahaifinta. Na ga Baffa Buba ya sauke ajiyar zuciya, ban kuma ga laifinsa ba. Sai muka ji muryar Hanne daga ƙofa.

“Malam Sani, wane lokaci ne cikin daminar?”

“Malam Idi ya ce bayan salla da 'yan kwanaki.”

Ta ƙirga da yatsunta.

“Lokacin aka yi bikin ƙanwata,” in ji ta. “Lalle na sha har gwiwar hannu. Har rawa na yi.”

“Ba ki da laifi ko kaɗan, Hanne,” in ji liman. “Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba.”

“Na ji, Malam. Amma duk shekarun nan abu guda na roƙa, yanzu an ce mani ya zo ya wuce ban sani ba.”

Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Na bar Jidda, na ratsa kurmi, na kawo mata gaskiya, sai ga shi gaskiyar ta ƙwace mata abin da take jira. Liman ya sunkuyar da kai ya daɗe yana jan carbi.

“Shari'a ba ta ɗora maki ba, wannan ba ni iya canza shi,” in ji shi. “Amma ni dai ban karanta inda aka tilasta ma mace kwalliya ba.”

Hanne ta tashi ta shiga ɗaki. Jim kaɗan ta kira Laure, wadda a lokacin ta isa aike, ta ce ta zo ta taya ta tsefe kai. Baffa Buba ya zauna har la'asar. Da ya idar da salla ya ɗauki sandarsa.

“Ku bar ta,” in ji shi. “In ta gama a aiko mani.”

Jidda ba ta sake zagayowa kaina ba. Daga Bangui aka kai ni wasu wuraren da su ma ba a rububinsu, waɗanda muka fara aiki tare suka wuce ni, ban kuma yi baƙin ciki da su ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne Inna. Ƙafa ta kama ta ba da daɗewa ba, ta rasu ba ta ga Ka'aba ba. Na je daga baya na yi mata aikin Hajji, malamai sun ce ladan yana isa gare ta, na kuma yarda. Amma na so a ce da idonta ta gani, kuma duk shekara in alhazan Batsari suka dawo sai na ji abin ya taso mini sabo. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Hanne ta cika kwanakin takabarta cif, ba kitso ba kwalli ba turare, ba ta taka ƙofar gida ba. A al'adarmu ranar fita dangin miji ne ke yi wa mace sabon kaya, ta yi wanka ta sa, a yi sadaka. Mahaifiyarku tana Karare a lokacin, sai ta shirya za ta aika kasuwar Batsari a sayo zane. Hanne ta hana ta, ta buɗe adakarta ta ɗauko atamfar da na zo da ita.

“Ku bar wahalar da kanku,” in ji ta. “Ya riga ya saya mani.”

Ita aka kai wa tela, kuma da ita a jikinta ta bi Baffa Buba zuwa Tsaskiya.